Kanwar Yusha'u

Matan da suka fita ɗibar ruwa da sassafe su suka fara ganinsa. Yana kwance rub-da-ciki a kan yashin rafin da ya raba Karare da hanyar Tsaskiya, ƙeyarsa a fashe, ƙudaje sun riga kowa zuwa. Gefensa ga sandar kiwo, irin doguwar nan mai santsi da Filani ke saɓawa a kafaɗa. Babu jakunansa, babu kayan da suka ɗauko.

Kafin hantsi duk Karare ta ji an kashe Yusha'u bafatake, wanda ke sauko da jar kanwa daga arewa kowace kaka yana sayar wa masu shanu. A zamanin nan Katsina tana bin Sakkwato, mutanen wannan yanki kuwa a bakin dajin Rugu suke zaune, inda mahara daga Maraɗi kan ɓullo ba sallama. Ganin gawa ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Amma wannan ba aikin mahara ba ne. Mahari ba ya kashe mutum ɗaya ya bar gari yana barci.

Aka aika a kira Hashimu mai bin sawu. Tsohon maharbi ne, siriri, marar yawan magana, wanda in saniya ta ɓace tun daga Batsari har Safana ƙofarsa ake bugawa. Shi ne kuma kawun mamacin, ƙanen uwarsa. Ko da ya iso, jama'a sun tattake yashin wurin kaf. Ya tsaya ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya cire rawaninsa ya rufe masa kai.

Sai ga Inno, uwar Yusha'u, ta ratso mutane. Ba ta yi kururuwa ba. Ta durƙusa ta dafa bayan gawar ta ce, "Yusha'u."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ɗanta na fari ne, tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau.

Ta ɗago ta dubi ƙanenta. "Hashimu, kada kowa ya zo ya ce mini ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce. Hannun da ya yi nake so ka nemo mini."

"Zan nemo shi, Yaya," in ji Hashimu.

* * *

Ana dawowa daga maƙabarta samari suka cika ƙofar gidan mai gari Uwaisu da kwari da baka. Bakinsu ɗaya: rugar Arɗo Manu. Ga sandar kiwo a gefen gawa. Ga jakunan an gano su suna kiwo kusa da rugar, ba ko akumari a bayansu. Ga shi kuma kowa ya ji yadda Manu da Yusha'u suka ɗaga wa juna murya a kasuwar Safana, a kan kanwa.

"Yusha'u fa, mutumin da ya rufe ƙofar kafi ranar da mahara suka zo!" in ji wani saurayi. "Ba don shi ba da duk muna Maraɗi muna noma wa wasu. Shi za a kashe kamar kare mu zauna?"

Aka ɗauki hayaniya. Mati magini ne ya miƙe ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai haƙuri, wanda ake misali da shi a garin, domin a wancan harin aka kashe ɗansa tilo, Jinjiri, ba a kuma taɓa jin ya koka ba. Yau ma shi ya haƙa kabari, ya kuma kama makara.

"Ku bi a hankali, 'ya'yana," ya ce. "Jini ba ya kwana a ƙasa. Ku bar wa Allah."

Mai gari ya juya wajen Hashimu. "Ka ji su. Ba zan iya riƙe su har abada ba. In kasuwar Safana ta sake ci ba ka kawo mini kowa ba, ni kaina ban san abin da zai faru da rugar nan ba."

"Ranka shi daɗe, in Manu ne, ba sai sun wahala ba," in ji Hashimu. "Ni zan riga su."

* * *

Ya koma rafin shi kaɗai, ya haura sama inda ƙafafun jama'a ba su kai ba. Nan ƙasa ta fara ba shi labari. Ga kofatan jakuna sun nutse cikin yashi saboda nauyi. Ga takalmin Yusha'u a bayansu. Can sai ga wani sawu ya fito daga wajen gari ya haɗu da shi, ƙafa ba takalmi, mai faɗi, yatsu a warwatse, dunduniya duk faso. Ba laɓe mai sawun ya yi ba, ba gudu ba. Kafaɗa da kafaɗa suka yi tafiya, har akwai inda suka tsaya suka fuskanci juna kamar masu gaisawa.

Ashe wanda ya sani ne.

Daga inda aka kashe shi, mai sawun ya kora jakunan zuwa falalen dutsen da ke bayan gari, inda ƙafa ba ta barin alama. Hashimu ya kewaya dutsen har ya sami inda jakunan suka sauka. Kofatan yanzu sama-sama suke, ba nauyi. Ba kuma mutum a bayansu. Tafiyar dabbar da aka jefa da dutse aka bar ta ce, nan ta ci ciyawa, can ta tsaya, har suka gangara wajen rugar.

Wato a kan dutsen aka sauke kayan. Ya duba kowane kogo da kowane tsagi, bai ga ko ɓarɓashin kanwa ba. Kayan jakuna guda sun ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su.

Duk da haka sai ya nufi rugar, da kibiya mai dafi a hannu. Zuciyarsa tana son ya zama Manu ne. Da baƙo ne, da abin ya fi sauƙi.

* * *

Arɗo Manu yana zaune a gindin kirya, ya ga kibiyar, bai motsa ba.

"Sannu da zuwa, maharbi. Allah ya jiƙan ɗanka. Na san abin da ya kawo ka."

"In ka sani, faɗi abin da ya haɗa ku a Safana."

"Gwaji na yi wa kanwarsa a gaban mutane, shi ne ya ji haushi. Bara wani ya sayar mini da kaya rabi farar ƙasa da gishiri, tun daga nan ba na saye sai na gwada. Ya zage ni, na zage shi. Da kayansa suka fito na ƙwarai sai muka yi dariya, ya ce zai kawo mini har gida. Zagin aka ji, dariyar ba wanda ya ji."

"Wane irin gwaji?"

Manu ya kira matarsa ta kawo ruwan tsamiya a ƙwarya, da wani ɗan guntun kanwa da bai fi kan yatsa ba, ragowar ta bara. Ya ɗebi farar ƙasa ya zuba mata ruwan. Ta jiƙe, shi ke nan. Ya zuba wa gishiri. Ya narke shiru. Da ya ɗiga wa kanwar sai ta ɗauki cuuu, kumfa ya taso yana fashewa, tana tafasa ba wuta.

"Ka gani? Kanwa ba ta iya ganin tsami ta yi shiru. Tambayi duk macen da ta taɓa kashe tsamin yakuwa da ita. Ko ɓawon ƙwai ka jefa cikin ruwan nan zai yi ta fitar da 'yan ƙwayoyin iska, sai dai shi a hankali. Amma ƙasa da gishiri ko a jikinsu."

Hashimu ya jefa masa sandar da aka tsinta. "Wannan fa?"

Manu ya juya ta. "Irin tamu ce. Yara suna yar da su a daji kullum. To amma maharbi, Bafillace ya kashe mutum, ya ajiye sandarsa, sannan ya kora jakuna da me? Da hularsa?" Ya nuna garke da haɓa. "Je ka dubi shanuna, sa'an nan ka dawo ka harbe ni in ka ga dama."

Hashimu ya je. Shanun suna lasar turaku, wata tana tauna tsohon ƙashi, wata ta kama tsumma tana ci. Dabbobin da suka daɗe ba su ga kanwa ba ke nan. Da kayan Yusha'u sun shigo rugar nan, ba makiyayin da zai iya kallon shanunsa haka ya hana su.

Ya dubi ƙafar Manu: siririya, doguwa. Ya mai da kibiyarsa cikin kwari, ya tafi ba sallama.

* * *

Kwanaki suka shuɗe. Samari suna ta gyaran baka a fili, suna kallon Hashimu in ya wuce. Inno kuwa ta daina cin abinci sai ruwa. Duk sanda ya shiga gidan tambayarta ɗaya ce.

"Ina hannun?"

"Ina nema, Yaya."

"Saniyar mutane in ta ɓace ba ka kwana biyu. Ɗana bai kai saniya ba?"

Ya haɗiye maganar, ya zauna daga bakin ɗakin da Hansai, matar mamacin, take takaba. Ya yi mata sallama ta bayan asabari.

"Hansai, wa mijinki ya ɓata wa rai a garin nan? Kada ki rufa wa kowa asiri."

Ta ce, "Kawu, ka san bakinsa, ba ya tauna magana. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe an yi taron gyaran kafi, mai gari ya sake ba shi tsaron ƙofa. Wani ya ce masa wannan karon ya jira na waje su shigo. Ya ce shi ko yau aka dawo haka zai sake rufewa, ko wa ya rage a waje. Na ce masa bai kyauta ba. Ya ce gaskiya ya faɗa."

"Ban da wannan?"

"Sai Ya'u mahauci. Ka san shi ya fara nemana. Har yau in sun haɗu ba sa gaisawa."

Hashimu ya miƙe da sauri. Gidan Ya'u yana dab da falalen dutse.

* * *

Ya tarar da mahaucin yana wasa wuƙa, rigarsa duk busasshen jini. Bai yi masa sallama ba, ya shaƙe wuyan rigar ya haɗa shi da bango.

"Ina kake ranar da aka kashe shi?"

"Baba Hashimu, sake ni! Ina Tsaskiya, sa na yanka na suna, can na kwana. Tambayi duk garin!"

"Ka ƙi jininsa."

"Na ƙi shi, ban ɓoye ba. Ko gaisuwar mutuwarsa da ƙyar na je. Amma ban taɓa shi ba, na rantse da Allah."

Hashimu ya dubi ƙasa. Ƙafar Ya'u ta dama ba babban yatsa, tun yana yaro gatari ya cire shi. Sawun rafi kuwa yatsunsa cikakku ne. Ya sake shi. Ya zauna a kan turmi.

Ya'u ya gyara rigarsa yana huci. "Kowa ya haukace a garin nan. Mutane sun haukace, dabbobi sun haukace. Awakin da na ɗaure don yanka, kullum sai sun tsinke igiya. Yanzu ma ga shi babu su."

"Ina suke zuwa?"

"Bayan gidan Baba Mati. Ni ban san abin da ya ajiye musu ba."

Hashimu ya ɗago kai a hankali.

* * *

Bai sha wahalar bin sawun ba, ko makaho zai bi shi. Awakin Ya'u, tumakin maƙwabta, har da ɗan maraƙin wani, duk sun yi hanya guda, ta bi gefen dutse ta zagaya bayan gidan Mati magini. Can ya tarar da su sun kewaye wani sabon rumbu da bai gama bushewa ba, suna ture juna, suna lasar bangonsa. Sun lashe shi har ya yi rami-rami daidai tsayin kan akuya. Daga sama, inda harshensu bai kai ba, wani farin gari ya feso a jikin laka, da ɗan ja-ja a cikinsa.

Ya kankaro kaɗan da farce ya ɗora a harshe.

'Yan taku kaɗan daga rumbun ga kududdufin da Mati ke kwaɓa ƙasa, a gindin dutsen sosai. Ruwansa ya ja baya, bakinsa ya yi ɓawo fari. Ba kwaɗo ko ɗaya a ciki.

"Maharbi, kai ne a bayan gidana? Sannu da zuwa."

Mati ne, da ƙwaryar ruwa a hannu, fuskarsa a sake. Suka gaisa, ya tambayi lafiyar Inno, ya yi wa mamaci addu'a. Hashimu yana amsawa, idonsa yana kan ƙafafun dattijon: masu faɗi, yatsu a warwatse, dunduniya duk faso, ƙafafun mutumin da ya shekara da shekaru yana tattaka laka.

"Me awaki ke nema a rumbunka, Mati?"

"Farar ƙasa ce ta fito a cikin kwaɓin. Sun dame ni wallahi."

Hannun Hashimu ya kai kan wuƙar da ke ɗamararsa. Ba kowa a wurin sai su biyu da awaki. Ya tuna ranar da ya fara ɗora Yusha'u a kan jaki yana ɗan ƙarami, yaron yana ƙyalƙyala dariya yana riƙe masa gemu. Ya tuna wannan mutumin a cikin kabari yana karɓar gawar da hannu biyu. Sara ɗaya ya isa.

Amma in ya yi haka, gobe samari za su ƙone rugar Manu, a kuma ce tsohon maharbi ya zauce ya kashe mutumin kirki. Inno ma ba gawa ta ce a kawo mata ba.

Ya saki wuƙar, ya karɓi ƙwaryar, ya mai da ita bai sha ba.

"Allah ya kyauta," ya ce. "Sai an jima."

* * *

Washegari da hantsi mai gari ya tara mutane a bayan gidan Mati, yadda Hashimu ya roƙa. Aka zo da Arɗo Manu, dattawa suna kare shi daga samari. Aka zo da Ya'u. Mati ya shimfiɗa wa manya tabarmi da kansa. Daga ƙarshe sai ga Inno, ta rame kamar kara, ɗauke da ƙwaryar ruwan tsamiya mai kauri da ita ta jiƙa da hannunta.

Hashimu ya tsaya a tsakiya. "Ranka shi daɗe, wanda ya kashe Yusha'u ba ɓarawo ba ne. Ya ɗauke kanwar ne don a ce masu shanu ne. Ya ajiye sandar kiwo, ya kora jakuna wajen ruga. Amma kaya masu nauyi haka ba su ɓoyuwa a ɗaki, ba su kuma sayuwa a ɓoye. A kan dutsen nan aka sauke su. Abu ɗaya ne ke cinye kanwa ba a gani, shi ne ruwa."

Wasu suka waiwaya wajen kududdufin.

Ya shimfiɗa faifai uku. A na farko ya zuba ƙasar da ya kankaro daga bangon Ya'u, ya ɗiga mata tsamiya da ludayi. Shiru. A na biyu ya zuba farar ƙasa tsantsa, irin wadda mata ke shafe ɗaki da ita. Ta jiƙe, shiru.

"Mati ya ce mini abin da ya feso a rumbunsa farar ƙasa ce. Ko ba haka ba, Mati?"

"Haka na ce."

Hashimu ya bar faifai na uku, ya miƙa wa Inno ludayin. Ta taka har jikin rumbun, ta ɗebo ruwan ta kwarara a kan farin garin.

Bangon ya ɗauki cuuu. Kumfa ya taso yana gangarowa, yana fashewa, har na bayan taro suna jin ƙararsa. Ta sake zubawa a wani wurin, ya sake tafasa. Mata suka dafe baki; ba wadda ba ta san wannan ƙarar a tukunyarta ba.

"Kanwa ce," in ji Manu a hankali. "Ja ma kuwa."

Mati ya yi murmushi, amma gumi ya keto masa. "Na manta ban faɗa ba. Toka na zuba a kwaɓin saboda gara. Toka ma ai tana kumfa da tsami."

"Tana yi," in ji Hashimu. "Sai dai toka ba ta yin ja. Zo mu ga ko kududdufin ma gara ke ci."

Ya karɓi ƙwaryar ya juye ragowar a kan ɓawon da ke bakin ramin. Wurin ya tashi gaba ɗaya, kumfa fari da ja yana tsalle kamar an kwara ruwa a kan garwashi. Kafin mai gari ya yi magana samari sun faɗa ciki da fartanya. Ba su yi nisa ba suka fara tono dunƙulen kanwa da ruwa ya cinye rabinsu, da ruɓaɓɓiyar tabarmar kaba, da akumari, da wata igiyar rama mai tufka uku.

Inno ta miƙa hannu aka ba ta igiyar. Ta share lakar da bakin zanenta.

"Ni na tufka masa ita," ta ce.

Samari suka yi kan Mati. Hashimu ya sha gabansu da wuƙa a zare. "Duk wanda ya taɓa shi sai na farke shi! Ba naku ba ne. Nata ne."

Mati ya zauna a ƙasa. Murmushin ya tafi, fuskar da ta rage ba wanda ya taɓa ganinta a Karare.

"Me ya yi maka?" in ji mai gari. "Kai da kake ce wa yara su bar wa Allah?"

"Na bar wa Allah shekara da shekaru," in ji Mati. "Ranar harin ina kan kafi, ina kallo. Jinjiri ya taho a guje daga gona, saura kaɗan ya shigo. Na yi ihu na ce Yusha'u jira, ɗana ne. Ya dube ni, ya tura ƙyauren. A jikin ƙofar suka soke shi, yana bugawa yana kiran baba. Kuka ce Yusha'u ya ceci gari. Na ce to. Na gaishe shi kullum, na gina masa ɗakin aurensa. Ina jira wata rana ya zo ya ce, Baba Mati, ka yafe mini. Kalma ɗaya. Sai ya tashi a gaban taro ya ce ko yau zai sake rufewa, ko wa ya rage a waje. Ina zaune a gabansa. Ko kallona bai yi ba."

"Da ya jira ɗanka, da mahara sun shigo a bayansa," in ji mai gari.

"Na sani. Ban ce ƙarya ba ne."

"Filanin fa? Da an ƙone su da 'ya'yansu?"

Mati ya juya wajen Inno. "A rafi na tare shi, na yi masa barka da dawowa. Na ce jakinsa na ɗingishi. Ya sunkuya zai duba."

Inno ba ta ƙifta ido ba.

* * *

Aka kai shi gaban alƙali a Safana a ɗaure. Bai yi musu ba. Dattawan Karare suka yi ta sintiri gidan Inno, suna tuna mata haƙurin mutumin da abin da ya gani, suna roƙon ta sa baki ko a sassauta. Ta saurare su duka, ta ce, "Wanda ya kashe ɗansa yana Maraɗi, bai bi shi can ba. Nawa ya samu a sunkuye." Alƙali ma ya ce kisan gilla ne, an yaudari mutum da gaisuwa aka kashe shi, ba maganar diyya a ciki. Aka tura hukuncin Katsina, dogarai suka zo suka tafi da Mati.

Samarin da suka yi gyaran baka suka bi mai gari har ruga, kansu a ƙasa. Manu ya karɓi gaisuwarsu, ya ba su nono suka sha. Da kaka ta ƙare ya kwashe shanunsa ya yi kudu, bai sake sauka kusa da Karare ba.

Inno ta ce Hashimu ya bi dogaran. "Ka tsaya a gaba, inda za ka gani da idonka. Ba na son labarin an ce."

Ya je, ya tsaya a gaba, ya gani.

Ranar da ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince gero, jikanta, ɗan Yusha'u, yana barci a bayanta. Ya zauna a bakin rijiya, ƙafafunsa sun kumbura da tafiya. Duk hanya yana jiran ya ji sanyi a ransa, bai ji ba.

"An yi?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"An yi, Yaya."

"Ya ji tsoro?"

"A'a."

Hannunta ya tsaya a cikin geron. "Ya yi magana?"

Hashimu ya so ya ce a'a. Amma ba ta aike shi don ya kawo mata ƙarya ba.

"Ya hango ni kafin hauni ya matso da takobi. Ya ce in gaya miki, yanzu kin san abin da yake kwana da shi. Ya ce ki gani ko mutuwarsa za ta rage miki komai, don shi ta Yusha'u ba ta rage masa ba."

Yaron ya motsa a bayan Inno, ta jijjiga shi har ya koma barci.

"Ba ta rage ba," ta ce. "Amma da za a dawo da shi, sai na sake aika ka."

Ta ci gaba da tsince geronta.